Littafin Baƙin Rami a Hannun Taubashiyata

Ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin na safiyar wata Laraba abin ya soma lalacewa. Ba ƙiyasi nake yi ba. A shekarar ni ce mai buga ƙararrawa a makarantarmu ta kwana da ke Rabah, kuma agogon makaranta a hannuna yake wuni. Ƙararrawar ba wata aba ba ce, wilin mota ne aka rataye a reshen dogonyaro can bayan ɗakin taro, da guntun rodi da ake dukansa da shi. An ba ni aikin ne saboda ba ya bukatar magana. Tunda na karɓa ban taɓa makara da minti ɗaya ba, kuma ko da yake ban taɓa faɗa wa kowa ba, ina jin daɗin hakan fiye da kima.

Ranar mun yi baƙuwa. Wata siririyar mata ce, asalinta daga wajen Kwargaba, tana aiki a Abuja a wani ofishi mai kula da taurarin ɗan'adam. Madatsar ruwa ta Goronyo ta kawo ta, ta zo ta gwada abin da hotunan sama ke nuna mata da abin da ke ƙasa. Shugabar makaranta ta samu labari, ta roƙe ta ta biyo ta yi mana magana. Aka tara 'yan aji biyar da 'yan aji shida a ɗakin taro. Ni ina aji biyar. Na zauna kusa da ƙofa kamar kullum, don in iya fita ban taka kowa ba. A cinyata akwai wani littafin rubutu mai shuɗin bango. A gefena kuma taubashiyata ce, ɗiyar gwaggona ta Goronyo, tana cin ƙuliƙuli a ɓoye cikin hijabi.

Littafin nan shekara biyu na yi ina cika shi. Asalinsa wani sakin layi ne a ƙarshen tsohon littafin fiziks na laburarenmu, wanda gara ta cinye rabinsa. Abin da ya rage yana cewa akwai wurare a sararin samaniya da nauyinsu ya kai ko haske ba ya kuɓuce musu. Daga nan sai ɓarnar gara. Na yi mako ina koma wa shafin kamar zai warke. Da aka yi hutu na koma gida Wurno, sai na lura cewa tsakanin azahar da la'asar Baba na ajiye wayarsa bisa taga ya kishingiɗa. A wannan tsakanin nake bincike ina kwafa. Abin da na gane in rubuta da shuɗin biro, abin da ban gane ba in rubuta da ja. Na san yadda babban tauraro ke rufta wa kansa in abin da yake ƙonawa ya ƙare. Na san irin waɗannan wurare su ake kira baƙin rami, kuma ba rami ba ne irin na rijiya, nauyi ne mai yawan gaske da ya dunƙule a ɗan ƙaramin wuri. Na san akwai wani a tsakiyar tarin taurarin da muke ciki. Ban taɓa nuna wa kowa ba. Taubashiyata kaɗai ta san da shi, don gadonta na saman nawa kuma ba a ɓoye mata abu. Ta karance shi tas wata Asabar ina wanki, tana yi tana kwaikwayon muryar mai karanta labarai a rediyo.

Baƙuwar ta haska mana hotuna da majigi. Ga gulbi daga sama kamar zaren da ya warware, ga madatsar, ga fadamar Wurno kore shar a tsakiyar jar ƙasa. Ta ce da irin waɗannan hotuna suke sanin ruwan da ke tafe tun bai iso ba. Can ta ce bari ta nuna mana wani abu da ba aikinta ba ne, amma shi ya fara jan hankalinta tana yarinya. Ta danna. Wani zobe ya fito mai launin garwashi, tsakiyarsa duhu, bai fita sosai ba kamar hannun mai ɗaukar na rawa.

Na san hoton, baƙin rami ne. Na zana shi a shafin farko da fensir mai kala.

Na dubi agogo, sha ɗaya da minti sha tara. Ƙananan azuzuwa na can suna jiran a canja darasi. Babu mai tuhumata in na jinkirta, shugabar makaranta kanta na zaune a gaba ta manta da wata ƙararrawa. Na san haka a lokacin, ba daga baya na sani ba. Duk da haka na ɗora littafin a cinyar taubashiyata, na ce ta riƙe mini, na fita. Ina bakin ƙofa na ji baƙuwar na tambaya ko akwai wadda ta san mene ne wannan. Ban juya ba. Na je na buga wilin sau uku a kan minti ashirin daidai.

Da na dawo, taubashiyata na tsaye a tsakiyar ɗaki da littafina buɗe a hannunta. Ta fara da Turanci ta sarƙe, baƙuwar ta yi dariya ta ce, "Hwaɗi da Hausa, ƙanwata, ni ma nan anka haihe ni."

"To Anti, tauraro na babba, wanda yaf fi rana nauyi nesa ba kusa ba. In abin da shika ƙonawa ya ƙare sai shi ruhta cikin kainai, shi dunƙule."

Wannan nawa ne, shafi na huɗu, kalma da kalma. Na tsaya jikin ƙofa ina bin ta da leɓe. Sai ta rufe littafin ta saka shi a hammata.

"Anti, kin ga bakin dam in anka buɗe ƙohwa? Akwai wurin da ruwa ka juyawa awa ana dama hura. Masunta sun san iyakatai. In jirgi yat tsaya nesa lahiya lau, shina komawa gida. In yaƙ ƙetare wani layi, ko mutum goma ka tuƙi, ya tahi kenan. To can sama haske shi a jirgin. Babu abin da yak kai shi gudu, amma in ya ƙetare layin ba shi dawowa. Shi yas sa tsakiyar tay yi duhu."

Ɗakin ya ɗauki tafi. Baƙuwar ta ajiye abin danna majigin ta tafa ita ma. Jirgin masuntan nan ba ya cikin littafina. Shafi goma sha ɗaya na cika a kan wannan iyaka da ba a dawowa daga gare ta, rabi da jan biro, kuma na sha zuwa bakin madatsar nan hutu, na sha ganin ruwan na juyawa. Bai taɓa faɗo mini ba. Da sata kawai ta yi, da abin ya zo mini da sauƙi.

Kafin a tashi baƙuwar ta ce ofishinsu na tara 'yan mata 'yan makaranta na mako biyu a hutu mai zuwa, kuma an ba ta wuri ɗaya ta cike. Ba ta ko waiga ba wajen neman wa za ta ba, taubashiyata ta nuna.

A hanyar ɗakin cin abinci na tare taubashiyata na miƙa mata hannu.

"Mi?" in ji taubashiyata.

"Littahina."

"Wane littahi? Ke Agogo, ba ke kib ba ni ba da hannunki? Abin taubashi ai ganima na. Koma da mi kika so in tahi Habuja, da ƙuliƙuli?"

'Yan ajinmu da ke kusa suka kwashe da dariya. Agogo laƙabin da ta sa mini ke nan. A wurinmu ɗiyar namiji da ɗiyar mace, wato ni da ita, ba a shiga tsakaninsu. Tana iya ɗauke takalmina a bakin ɗaki ranar suna in koma gida da silifas ɗin wani, tana iya kirana baiwarta a gaban baƙi, ni ma an yarda in rama. Abu ɗaya ne ba a yarda da shi ba, fushi. Wadda ta yi fushi ita za a yi wa dariya har a gaban kakanni. Tun muna ƙanana ita ke ɗauka, ni ban taɓa iya ramawa ba, don ramuwar baki take so. Na yi murmushi kamar yadda ake so, na je na zauna gaban tuwona har ya huce.

Hutun ya faɗo lokacin cirar albasa. Ita ta tafi Abuja, ni na koma Wurno ina zaɓe. Kafin a zuba albasa a rudu, inda ake ajiye ta har ta yi daraja, sai an bi ta ɗaya bayan ɗaya an ware mai rauni, don guda in ta ruɓe sai ta ja na kusa da ita. Baba ya fi yarda da hannuna a wannan aiki fiye da na kowa a gidan. Ina zaune a inuwa tsakanin tsibi biyu, idona na ruwa, sai ya shigo da waya a hannu yana murna.

"Ke, taho ki ga taubashiyakki. Gwaggonki tat turo."

Tana tsaye a ƙarƙashin wani ƙaton farin faranti mai kallon sama, ya fi ɗakin Inna faɗi. An rataya mata kati a wuya. Tana dariya har ana ganin wushiryarta, littafina na hammatarta.

Ranar duk wanda ya zo tayin albasa sai da Baba ya nuna masa. "Ɗiyaƙ ƙanwata ta. Duniyar wata za su kai ta." In sun yi mamaki ya ƙara da cewa ai jinin gidansu ne. Da wayar nan tasa na kwafo duk abin da ya kai ta ƙarƙashin farantin, yana kwance a gefe yana minshari. Da ya kishingiɗa bayan azahar na ɗauki wayar, ban bincika komai ba. Na buɗe hoton na yi ta faɗaɗa shi da yatsu biyu har fuskarta ta fita daga gilashin, sai littafin kawai. Kusurwar bangon ta lanƙwashe.

Na gwada faɗa wa Inna muna tsince shinkafa. Na ce littafin da ke hoton nawa ne.

"To sai mi? Ba za ta maido maki ba?"

"Ni nir rubuta abin da tah hwaɗi."

"Ke da taubashiyakki? Wa ka kai ƙarar taubashi? Ki bari in ta dawo ki ɗauke mata gyale." Ta miƙo mini faifai ta ce in kula da tsakuwa.

Da aka koma makaranta ta iso da leda cike da alawa da labari cike da baki. Aka kewaye gadonmu. Ta ba da labarin ɗakin da ke hawa da mutane sama ba matakala, da yadda cikinta ya tashi a ciki. Ta ba da labarin wani ɗaki mai sanyi kamar cikin randa, inda aka hana su taɓa komai. Wata ta tambaya ko ta ga masu zuwa sama.

"Wace sama? Babu mai zuwa ko'ina. Zamne suke awa teloli, kowa da kwamhutatai, suna cin biskit. Wani tun sahe har la'asar layi guda shika kallo."

Zama tun safe har la'asar ana kallon layi guda, ba mai cewa ka yi magana. Ban san ana ba mutum irin wannan aiki ba. Ita kuma ta faɗe shi kamar abin tausayi.

Sai da aka watse na tambaye ta, ina gyara zanen gado don kada in dube ta. Na ce ko ta tambaye su ainihin abin da ke faruwa da lokaci a kusa da baƙin rami, wanda na yi wa jan layi biyu.

"Ash! Wallahi na mance."

Ta jefo mini littafin daga saman gado. Akwai tabon manja a shafi na bakwai. Na bi shi shafi shafi har bango, ina neman ko wani a can ya yi ɗan alama da biro, ko ɗigo. Babu komai sai manjan.

Daga nan na soma wani aiki da nake jin kunyar rubuta shi. Na yanki takardu na ɗinke su da zare, na yi ɗan ƙaramin littafi da ke shiga aljihu. A ciki nake rubuta kurakuranta. Duk inda ta zauna ana tambayarta, kuma kullum labarin ƙaruwa yake. Ta gaya wa 'yan aji ɗaya cewa baƙin rami na tafe yana haɗiye taurari ɗaya bayan ɗaya, saura kaɗan ya iso rana, har wata ta fashe da kuka. Na koma gefe na rubuta rana da wuri da abin da ta ce, a ƙasa na rubuta gaskiyar: ba ya zuƙe abin da ke nesa da shi, kuma da za a musanya rana da baƙin rami mai nauyinta, duniya za ta ci gaba da kewayawa yadda take, sai dai duhu da sanyi. Ta ce tauraron ɗan'adam tsaye yake cak a sama don babu iskar da za ta kayar da shi. Na rubuta. Kafin tsakiyar zango na tara goma sha bakwai, kowane da lambarsa. Ban gyara mata ko ɗaya ba. Ban je na rarrashi yarinyar da ta yi kuka ba, alhali jimla biyu sun isa. Na fi son kurakuran su zauna a aljihuna suna yawa.

Wata Alhamis shugabar makaranta ta ce a tsawaita taron safe, taubashiyata ta yi wa makaranta duka bayanin tafiyarta. Aka ce mini in buga ƙararrawa ƙarfe goma da minti arba'in. Na tsaya a gindin dogonyaro da rodi a hannu, ina hango ta a kan baranda, ɗaruruwan hijabai na kallonta. Ba na jin abin da take cewa, dariyar kawai ke isowa, ta lafa ta sake tashi. Na ga ta ɗaga hannu tana juya shi, na gane ta iso wurin jirgin masunta.

Goma da minti talatin da huɗu na buga.

Ƙananan yara ba su san wani abu ba bayan ƙararrawa. Suka watse da gudu, manya suka bi. Ta tsaya da hannu a sama ba kowa a gabanta sai malamai. Na jira in ji daɗi, ban ji ba. Hannuna ne kawai ke zogi, don na buga da ƙarfin da ban saba ba.

Malamin fiziks ya biyo ta wurin zai tafi aji. Dattijo ne mai jan ƙafa, ba ya yawan magana shi ma. Ya ciro wayarsa ya duba, ya dube ni.

"Minti shida," ya ce, ya wuce.

Na rasa yadda zan yi da mintunan nan shida. Suka tsaya mini a rai duk ranar. Da lokacin tashi ya yi sai na ƙara su a kan darasin ƙarshe don lissafin wunin ya cika, makaranta duka ta zauna cikin zafi da yunwa tana jirana. Sau biyu kenan na hukunta mutanen da ba su yi mini komai ba.

Na shirya wa faɗa da yamma. Har na ji ina son sa. Ina ɗebo ruwa a famfo ta zo ta bayana ta dake ni a kafaɗa.

"Agogo! Ashe kina da haƙora? Wallahi kin kai ni ƙasa yau. Hannuna bisa awa mai kiran tasi!" Tana dariya har da riƙe ciki. "Ɗaya da ɗaya kenan. Sai na hwaɗa ma innata cewa baiwata ta hwara ramuwa."

Ta ɗauki bokitina da na cika ta tafi da shi. Mugun abu mafi girma da na taɓa yi, ta saka shi cikin wasan taubasai ta wuce. Na tsaya riƙe da hannun famfo, na gane ko ƙiyayyata ba za a ɗauka da gaske ba.

Babban hutu Baba ya tura ni Goronyo wurin gwaggo, kamar kowace shekara. Na so in ce a'a, ban sami dalilin da zan iya faɗa ba. Damina ta yi ƙarfi a shekarar. A kasuwa, a bakin rijiya, a gidan suna, maganar ɗaya ce: dam ya cika, yaushe za a saki ruwa, kuma gonakin wa zai bi. Mijin gwaggo dillalin kifi ne, kullum da labarin da yake dawowa da shi. Wata safiya muna karin kumallo ya ce ya ga matar nan ta Abuja a kan madatsa da ma'aikata.

Taubashiyata ta ajiye kofin kunu. "Tashi mu tahi."

"Ina?"

"Gidan sarkin aljannu. Tashi ki sa hijabi, ko in ɗauke ki awa buhun albasa."

Gwaggo ta ce mu je, amma mu dawo kafin azahar, kuma kada mu matsa bakin ruwa. Duk hanya ina bisa babur a bayanta ina shirya maganar da zan yi. Na shirya ta iri uku, kowace ta zube kafin mu isa.

Ban taɓa ganin ruwan ya kai haka ba. Ja ne, ya shanye itatuwan da muke zama ƙarƙashinsu da rani, sai kawunansu. Baƙuwar na tsaye a kan bangon da hular rana bisa ɗankwali, tana duba wani dogon ma'auni da aka zana a jikin siminti, tana rubutawa. Wasu maza biyu na gefe suna jiranta.

"Anti!" Taubashiyata ta kwaɗa kira tun daga nesa. "Ga mai littahin na kawo maki. Ba ta cizo, amma ba ta magana."

Na tsaya cak. Mai littafin. Ashe matar ta sani. Ban san tun yaushe ba, ban kuma san ko daɗi zan ji ko wani abu ba. Wata biyar ina ɗauke da sirrin da na zaci ba ta da labarinsa. Kafin in dubi taubashiyata ta riga ta gangara wurin masu suyar kifi, tana ce wa wata tsohuwa ta ba ta ɗanɗane.

Na gaida baƙuwar, muryata ko ni ban ji ta ba. Ta amsa, ta tambayi mutanen Wurno da yadda shinkafa ta yi. Na ce lafiya. Ta koma ga aikinta. Ta duba ma'aunin, ta duba hoton da ke allon hannunta, ta faɗa wa ɗaya daga cikin mazan wata lamba, ya tafi yana kiran waya. Ba ta taimake ni da tambaya ba. Ba ta kuma sallame ni ba. Na tsaya a gefenta ina kallon ruwa, ƙaramin littafin kurakurai na aljihuna, don har nan na zo da shi. Na yi tunanin in ciro in nuna mata goma sha bakwai ɗin. Na taɓa shi ta cikin hijabi, na ji ba zan iya ba. Ba shi nake son sani ba.

Ta fara naɗe takardunta. Na ga in ta saka su a jaka shi kenan.

"Anti."

"Na'am."

"Wurin nan na Habuja da kib ba ta." Na dube ta. "Nawa na?"

Ta gama zuge jakar tukuna. Sannan ta cire hular ta dube ni sosai, ba murmushi, ba kuma ɗaure fuska.

"A'a, ƙanwata. Nata na. Ko kina zamne wurin ita za ni ɗauka. Waccan tahiya ta masu iya tsayawa gaban mutane ta. Ki duba ruwan ga. Ni na san ranar da za shi kai Kwargaba, amma in nij je nih hwaɗa, kallona suka yi. Irinta muka nema, wadda za ta hwaɗa ma tsoho abin da tauraro yag gani har shi yarda shi kwashe hatsinai. Ta iya, ni ban iya rabinta ba. Tun ranar, bakin mota, tac ce min littahin ba nata na ba, kuma na karanta shi duka. Akwai kuskure shahi na sha tara, babba, ba ko ni hwaɗa maki shi. Aikin da kika so ba a kiran mutum gare shi ɗakin taro. Lissahi na, shekara da shekaru, mutum na zamne ana gyara mai. Ni kaina ban taɓa aiki bisa baƙin rami ba, ruwa nika awo. Masu wancan kaɗan na, hanyar da nisa, ba ni yi maki alkawalin kina kaiwa. Amma ba kujera guda ta ba da wani ka zamnawa shi hana ki. Ki koma ki nemo kuskuren. In kin gane shi, lambata na wurin malaminku na fiziks. Ki kira ni ki hwaɗa min da bakinki. Kada ki aiko taubashiya."